Fina-finan ban tsoro da na ban tausayi: tambayoyin da ake yi mani a shago

Shagona na tura fina-finai da cajin waya yana wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Shekara tara ke nan ina wannan sana'a, kuma tun farko na ɗaura wa kaina ƙa'ida: ba na tura wa mutum abin da ban kalla ba. Shi ya sa kusan kullum bayan isha'i, in kasuwa ta lafa, za ka same mu gaban kwamfuta, ni da yaran shago da 'yan majalisarmu. Watannin nan mun kalli na ban tsoro da yawa, mun kalli na ban tausayi, mun yi gardama har muryoyi suka dushe. Ga tambayoyin da ake ta maimaita mani, daga ɗaliban jami'a da na poli har matan aure da ke aiko yara da memori ƙulle a leda.

Cikin waɗanda ka kalla kwanan nan, wanne ya fi tayar maka da hankali?

Wani na ƙasar Indonesiya, Pengabdi Setan, wanda Joko Anwar ya ba da umarni, ya fito a 2017. Ba sabo ba ne, amma bana ya zo hannuna. Uwa ce ta yi shekaru tana jinya a kwance, in tana son wani abu sai ta kaɗa 'yar ƙararrawa 'ya'yanta su zo. Ta rasu, aka kai ta makwancinta. Da dare ya raba sai ga ƙarar ƙararrawar nan daga ɗakinta.

A wajen nan babu jini, babu dodo, babu ihu. Amma tsigar jikina ta tashi, shagon kuma ya yi tsit har muna jin ƙarar fankar kwamfuta. Wani abokinmu, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya miƙe ya zura takalmi ya ce, "Malam, ku ci gaba, zan leƙa gida." Washegari ya faɗa mani dalili. Shi ya yi jinyar mahaifiyarshi wata goma sha ɗaya, kuma da muryarta ta yi rauni, cokali take buga wa kwanon sha in tana kiranshi. Ya ce har yau in yara na wanke-wanke aka buga kwano, gabanshi sai ya faɗi.

Tun daga ranar na daina auna fim ɗin tsoro da munin fatalwar da ke ciki. Abin da nake dubawa shi ne ko ya taɓa wani abu da mutum ya baro a gida.

Me ya sa na Turawa ba su cika ba mu tsoro ba?

Saboda tsoronsu ba namu ba ne. Gidan katako a tsakiyar daji, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, 'yar tsana mai motsi, fada riƙe da gicciye: mutumin Ƙofar Marusa bai tashi da ko ɗaya cikin waɗannan ba. Zai zabura in an buga ƙara ba zato, ya yi dariya, ya je ya yi barcinshi.

Na Turkiyya da Indonesiya kuwa da kayan gidanmu suke aiki. Jerin fina-finan Dabbe na Turkiyya, da aka fara a 2006, kan aljanu da sihiri aka gina su. Za ka ga an tono laya a gindin bango, ka ga mace na magana da muryar da ba tata ba, ka ji kiran salla daga nesa. Mutanen Indonesiya kuma suna da fatalwar da ke fitowa cikin likkafani a ɗaure, kamar yadda muke suturta mamatanmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kabari ana kwance igiyar likkafani ba zai ga wannan ya ce bai ji komai ba.

Amma ina da ƙorafi a kansu. Da yawa sun mai da karatun Alƙur'ani kayan ado, a jawo aya don kawai a ƙara wa wuri kwarjini, wani lokaci ma a nuna mai karatun ya kasa, aljanin ya yi galaba. Irin wannan ba ya yi mani daɗi, kuma nakan faɗa wa mai saye tun kafin in tura.

Su 'yan Kannywood me ya hana su yin fim ɗin tsoro mai kyau?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mani rai. Masana'antar nan ta faro tun 1990 da Turmin Danya, fiye da shekara talatin ke nan, kuma ta ƙware a soyayya da waƙa da rikicin gida. Amma da an zo fagen tsoro sai ka ga abu ɗaya: a shafe fuskar yarinya da farar hoda, a zizara mata jan baki, a sa ta ƙyalƙyala dariya mai amsa-kuwwa. Boka kuma kullum yana cikin kogo da jan ƙyalle da ƙwarya mai hayaƙi, yana ce wa baƙuwa ya san abin da ke tafe da ita. A ɗauki fim da rana tsaka, a rage haske a kwamfuta a ce dare ne, alhali ga inuwar mutum nan a ƙasa ɓaro-ɓaro. Yaran shagona dariya suke yi.

In ka yi magana sai a ce ai babu kuɗi. Ni ban yarda matsalar kuɗi ce kaɗai ba. Kakata ba ta da ko sisi, amma in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gida, ta rage harshen fitila, ta kai wajen da Dodo ke tahowa, ba wanda ke iya zuwa bayan gida shi kaɗai. Ba ta taɓa siffanta mana Dodon ba. Murya kawai take ragewa, ta yi shiru, ta bar mu da hasken fitila da kukan gyare. Kowa ya ƙera nashi Dodon a zuci, kuma wanda ka ƙera da kanka ya fi na kowa muni. Abin da masu fim ɗinmu suka rasa ke nan: haƙurin ɓoye abu, da sanin darajar shiru. Ka gwada kashe sautin duk wani fim ɗin tsoro da ka sani, za ka ga rabin tsoron ya tafi. Mu kuwa kiɗa ake zuba wa fim tun daga farko har ƙarshe, kunne bai samu inda zai saurara ba.

Kuma ba labari muka rasa ba. Ga tsamiya da kukar da aka hana mu zama ƙarƙashinsu da rana tsaka. Ga hanin zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, da hana yara fita da magariba. Ga kangon gidan da gado ya hana a gyara. Ga tsoffin kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Ga rijiyar Kusugu a Daura, inda labari ya ce maciji ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Kullum ta wajen Bayajida ake ba da labarin nan, baƙon da ya zo ya sare kan maciji. Ni da zan samu mai ji, cewa zan yi a ba da shi ta wajen wata uwa da randarta ta ƙafe ranar Talata, ɗanta na kwance da zazzaɓi yana neman ruwa, ta ɗauki guga cikin dare ta nufi rijiyar. Kada a nuna macijin ko sau ɗaya. A bar mu da ƙarar igiya tana sauka.

Fassarar Hausa tana rage tsoro ko tana ƙarawa?

Ya danganta da mai fassarar. Masu fassara irin su Algaita sun kawo fina-finan Indiya har ɗakin tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, wannan aiki ne babba. A fim ɗin faɗa ko na barkwanci, ƙarin gishirin da suke yi yana armashi. A na tsoro yana kashe shi. Jaruma na taka matattakala cikin duhu, numfashin kowa ya tsaya, sai mai fassara ya jefo zolaya. Shi ke nan, an watsa wa wuta ruwa. A na ban tausayi kuwa, in aka dace da murya mai nutsuwa, fassara takan sa hawayen da rubutun ƙasan allo ba zai sa ba.

Gaskiya ne kallon irin waɗannan fina-finai yana jawo aljanu? Ni tun da na kalli wani nake fama da dannau.

Aljanu gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansu, ta 72 a Alƙur'ani. Amma fatalwa, wato mamaci ya dawo yana yawo cikin gida, wannan ba ya cikin aƙidarmu. Wanda ya rasu yana barzahu har ranar tashi. Hukuncin kallo kuma na malamai ne, a kai masu tambayar.

Abin da ke faruwa a jiki shi zan yi bayani. In ka tsorata, jiki na sakin sinadarin adiranalin: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, ido ya buɗe. Jiki bai san fim ba ne, shirin gudu yake yi. Ka kashe waya ƙarfe ɗayan dare ka ce za ka yi barci a wannan hali, ina barci zai zo?

Dannau kuma likitoci sun san shi. Lokacin da mutum ke mafarki, ƙwaƙwalwa takan sassauta gaɓoɓi don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai ya farka kafin gaɓoɓin su dawo, ya ji ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, har ya ga kamar mutum tsaye a kanshi. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintoci ya sake shi. Ƙarancin barci, damuwa, da kwanciya rigingine suna ƙara shi, kuma duka ukun suna tare da mai kallon fim ɗin tsoro har tsakar dare. Ka ajiye kallon dare, ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka kwanta ta gefen dama. In abin ya ƙi ƙarewa har yana hana ka sukuni, ka ga likita.

Yaro ɗan shekara nawa ya kamata ya kalla?

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekaru: 12, 15, 18 da sauransu. Mafi yawan na tsoro 15 ne ko 18. Matsalar ita ce fim ɗin da ya biyo ta memori babu mai duba alamarshi.

Wata baiwar Allah ta zo shagona da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ɗan nan, me ka sa wa yayansu a waya? Autana ɗan shekara shida ya koma fitsarin kwance, ko zaure ba ya iya wucewa in magariba ta yi." Na duba, fim ne da na tura wa saurayi ɗan shekara ashirin, shi kuma ya kunna a ɗaki ƙannenshi na leƙe ta bayanshi. Na ba ta haƙuri, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙaramin yaro bai gama bambance abin allo da na zahiri ba, in ka ce mashi "ai wasa ne" ba ta shiga. Yanzu duk wanda zan tura wa irin wannan sai na tambaye shi da wa yake kwana a ɗaki. In yaro aka aiko, ba na turawa sai babba ya kira ni.

An ce akwai waɗanda ko an biya ka ba ka turawa. Waɗanne ne?

Na yanka da azabtarwa, waɗanda babu komai cikinsu sai a ɗaure mutum a yi ta gunduwa-gunduwa da shi. Na goge su daga kwamfutata gaba ɗaya.

Wanda ke zaune inda ake kwana da ƙofa a buɗe yana iya ɗaukar wannan nishaɗi. Mu a Katsina ba haka muke ba. Cikin masu zuwa shagona akwai mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da suka baro gonakinsu suka dawo birni. Akwai wanda aka sayar da gonar gadonsu aka kai kuɗin fansa. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Wata rana muna kallon wani fim, aka zo inda 'yan bindiga suka kewaye gida da dare, ana jin ƙarar babura. Wani yaro da ke kawo caji, ɗan wajen Batsari, yana tsaye bakin ƙofa. Na ga hannunshi na rawa har wayar ta kusa faɗuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Na kashe fim ɗin, ban ƙara kunna irinshi da ƙofa a buɗe ba.

To ke nan kana goyon bayan a hana fim kan garkuwa da mutane?

A 2021 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, don gudun kada a koya wa matasa. Na fahimci dalilin, kuma fim ɗin da zai nuna ɗan bindiga a matsayin gwarzo, ko ya koyar da dabarun ta'asa, ni ma ba na so. Amma akwai rabin labarin da ba a taɓa ba. Matar da ke kwana da waya a tafin hannu tana jiran kira. Dattijon da ke bi gida-gida yana neman rance, yana jin nauyin buɗe baki. Wanda aka sako ya dawo gida amma ya daina magana. Wannan ba koyar da laifi ba ne. Mutanen da abin ya shafa suna nan cikinmu, kuma dirama ce ya kamata ta nuna wa sauran jama'a nauyin da suke ɗauke da shi.

A ɓangaren ban tausayi fa, wanne ya fi taɓa mutane?

Abin mamaki, wanda ya fi sa majalisarmu hawaye fim ɗin tsoro ne: Train to Busan na Koriya ta Kudu, 2016. An shiga kallo don a ga matattu masu cizo cikin jirgin ƙasa, aka ɓuge da kallon uba da 'yarshi. Mutum ne da neman kuɗi ya ɗauke wa hankali har bai san 'yar cikinshi ba, sai da masifa ta rufe su cikin tarago ya gane abin da yake da shi. Da aka kai ƙarshe ba wanda ya dubi wani. Wani dattijo cikinmu, direban mota da ke kwana a hanya tsakanin Katsina da Legas, ya share ido da bakin hula ya ce, "Yau kwanana goma sha biyu ban ga yarana a farke ba."

Masu ce mani namiji ba ya kuka a fim, ban yarda da su ba. Wanda ya ga uba na bankwana da 'yarshi bai ji komai ba, wannan ba jarumta ba ce.

Me ya sa masu dogon zango suke jan labari haka?

Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ita ta saba wa mutane da bin shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa. A 2020, lokacin kullen korona, abin ya bunƙasa a YouTube, aka samu irin su Labarina da Izzar So, wanda ɗan jiharmu ne daga Bakori, Lawan Ahmad, ke jagoranta. Kasuwar faifai ta mutu, kuɗi ya koma wajen talla da yawan masu kallo. In shiri ya karɓu, rufe shi kamar rufe shago ne ranar kasuwa. Shi ya sa za ka ga mota ta yi minti uku tana shiga gida, a yi gaisuwa tun daga maigida har kaji, a maimaita abin da ya faru makon jiya, sai an zo wajen da ake jira a ce sai mako mai zuwa.

Na san abincin mutane da yawa na wurin. Amma masu kallo sun fara gajiya, ina gani da idona. Da yawa yanzu cewa suke, "Bari zangon ya ƙare ka haɗa mani gaba ɗaya," don su riƙa tsallakewa.

Kullum kishiya, uwar miji, boka, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Ba su da wani labari ne?

Kishi da rikicin surukai suna cikin gidajenmu, ba laifi a nuna su. Laifin shi ne a mai da kowace kishiya muguwa, kowace uwar miji azzaluma, har yarinyar da ba ta yi aure ba ta shiga gidan miji da ɗamarar yaƙi. Wata Hajiya da ke aiko jikanta kowane mako ta taɓa ce mani a waya, "Ni shekara talatin da ɗaya muka yi da abokiyar zamana, ita ta yi mani wankan jego, ni na aurar da 'ya'yanta bayan ta rasu. Ina fim ɗinmu?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Ina fim ɗin malamin firamare da ke jiran albashi, mai shago na bin shi bashin masara? Ina na matar da ke takaba, dangin miji sun fara lissafin gida tun ba a yi bakwai ba? Ina na almajirin da ya girma ya koma neman garinsu? Waɗannan ba sai an yi hayar katafaren gida a GRA ba.

Ni matsoraci ne amma ina son in gwada. Ta ina zan fara?

Ka fara da wanda labarinshi ya fi tsoronshi yawa, ka bar na aljanu tukuna, don su ne ke bin mutum har shimfiɗa. Ka kalla da rana, cikin mutane, ba da abin sauraro a kunne ba. In ka ji ƙirjinka ya matse, ka tsayar, ka fita ka sha iska. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda bai daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, shawarata su bar shi gaba ɗaya.

Abokin nan namu mai labarin cokali da kwano ya dawo bayan kamar sati uku, ranar wata Asabar da hantsi. Ya ce in kunna mashi daga inda ya tsaya, amma in bar ƙofa a buɗe, in kuma rage sauti. Ya kalla har ƙarshe, rana na haska shagon, masu caji na shige da fice. Da ya gama ya ce in goge, kada in tura mashi a waya, sannan ya tambaye ni ko zan raka shi maƙabarta ranar Juma'a ya yi wa tsohuwa addu'a. Muka je tare.